Ƙwayar Malam Danna-Nan

Shekara goma sha tara ina koyar da kimiyya a firamarenmu da gwangwanin madara da ƙasa da wake, kuma ban taɓa kashe ɗan kowa ba. Sai ga abokin aikina Malam Danna-Nan ya dawo daga bita.

Bitar ta kwana uku ce. Kwana uku! A ciki ma an ce ranar farko rajista aka yi, ranar ƙarshe aka ɗauki hoto. Amma mutumin nan ya dawo mana da kati rataye a wuya da igiya shuɗiya, ya ƙi cirewa. Baba maigadi ya rantse ya gan shi da katin har a wurin mai aski. Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa, don duk abin da ka tambaye shi a duniya, daga waya har ciwon baya, amsarsa ɗaya ce: "Ai danna nan kawai za ka yi."

Ranar Litinin ya shigo ɗakin malamai, ya ɗauki alli a kan teburina, ya ɗaga shi sama da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera ta wutsiya.

"Jama'a, ku yi wa wannan addu'a. Ya rasu."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa. Ajiye min gawar, ina da aji yanzu."

"Malama, ke ba ki san inda duniya ta kai ba. Yanzu katun ake nuna wa yara. Zane mai motsi! Abin da kike kwana da kwanaki kina jira ya fito a gwangwani, ni minti uku zan nuna shi, har da kiɗa."

"To in an gama kiɗan, me za su taɓa da hannunsu?"

"Taɓawa kuma? Ai taɓawa ta wuce. Yanzu dannawa ake yi."

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za mu yi mu watse. Matsalar Hedimasta ce. Hedimastanmu mutumin kirki ne, amma duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya, kuma in ka saka kalmar "zamani" a cikin zancenka ka gama da shi. Akwai wani majigi da wata ƙungiya ta ba makaranta shekara biyu da suka wuce, yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin tebur, Hedimasta yana ɗora ƙafa a kai. Kafin a tashi ranar, majigin ya koma hannun Danna-Nan, ni kuma aka kira ni ofis.

Hedimasta ya ce, yana kallon silin, "Malama, Alhamis ta sama Sufeto za ta zo. Za mu ba yaron nan aji huɗu da ɗakin kimiyya ya gwada. In ya burge ta, kimiyya daga aji ɗaya zuwa shida tasa ce. Ke kuma sai ki huta, ki koma aji ɗaya ki koya musu rubutu."

"Yallaɓai, na ce maka na gaji ne?"

"Ba ki ce ba. Amma zamani ne."

Wallahi raina ya ɓaci. Ɗakin nan ni na share shi da hannuna lokacin yana sito, ni na kori jemagu, ni na jera gwangwanaye arba'in da ɗaya a kan taga, ɗaya ga kowane ɗan aji huɗu. Waken cikinsu ya fara ganye biyu-biyu. Ranar Talata da safe na tarar an zazzage su duka a bayan aji, tsirran sun yi laushi a rana. Na tsaya a kansu har sai da idona ya kawo ruwa.

Danna-Nan ya leƙo ta taga ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama Gwangwani, wuri nake bukata. In miya kike so ki yi da su, kwashe abinki."

Na juya na bar wurin. Na san bakina, in na buɗe shi a lokacin sai an kira Hedimasta.

Laraba ce ranar nuni na farko. Ɗakin ya cika haske, hoto ya ƙi fita, don haka ya ruga gida ya kwaso zannuwa huɗu ya toshe tagogi, ya kafa zanen gado a kan allo. Ƙarfe goma sai ga matarsa a bakin ƙofar makaranta, ta zo ta gaya masa ɓarawo ya kwashe mata shanya. Tana ɗaga kai ta ga shanyarta a tagogin aji huɗu.

"Au! Ashe ɓarawon na gida ne?"

"Ke, aikin ilimi ake yi. Koma gida."

"In koma in ɗaura ilimin?"

Ta fizge ɗaya ta tafi, ta bar uku. A cikin ukun akwai mai huda, kuma ta hudar nan na ga duk abin da ya biyo baya. Ba na jin kunyar faɗa, leƙe na yi.

Da yake a wurin bita ya ga majigi a maƙale a sama, shi ma sai ya ɗaure nasa da igiya a jikin katakon silin. Ya tsaya gaban yara ya gyara kati ya ce, "Yau za ku ga abin da iyayenku ba su taɓa gani ba." Ya danna. Aka ɗauke wuta.

Minti arba'in yara suna zaune a duhu suna zufa, shi kuma yana ba su labarin irin kujerun da ke wurin bita. Da wuta ta dawo, hoto ya fito, sai ga ƙasa a sama, rana a ƙasa, ruwan sama yana tashi yana komawa inda ya fito.

Wani yaro ya ɗaga hannu. "Malam, me ya sa ruwan yake hawa sama?"

Ko gezau bai yi ba. "Tambaya mai kyau. Ƙasar da aka yi wannan katun tana ɗaya gefen duniya ne. Su haka ruwansu yake."

Baba maigadi, wanda ke tsaye a ƙofa da tsintsiya, ya yi gyaran murya. "Malam, da ka juya majigin fa?"

"Baba, wannan ba majigi ba ne. Furojekta ne."

"To, juya furojektan."

Aka hau tebur aka juya, ƙasa ta dawo ƙasa. Danna-Nan ya ce dama gwada su yake yi ya ga ko suna lura. Sai sauti ya tashi, wata murya tana zuba da wani yare da ko a rediyo ban taɓa ji ba. Ashe bai duba ba da ya sauko da bidiyon. Ya ce na'urar ba ta gama koyon Hausa ba, ya kashe lasifika, ya ce shi zai yi muryoyin da bakinsa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: katun ɗin ya yi kyau. Iri ne guda, an zana shi fari fat, zagayayye, da ido biyu da layi ɗaya a tsakiya a matsayin baki. Ya faɗa ƙasa, ya sha ruwa, saiwa ta miƙe tana lalube, ganye ya buɗe, duk cikin ƙiftawar ido. Yara arba'in da ɗaya, ba ka jin ko tari. Ni kaina na manta ina fushi. Sai mutumin ya matse murya kamar ta mage:

"Sannunku yara! Ni ce Ƙwaya! Ku binne ni a ƙasa, ku ba ni ruwa, in haifa muku dubu irina!"

Yara suka ɗauka gaba ɗaya, "Ƙwaya! Ƙwaya!"

Na kasa haƙuri, na ɗaga zanen. "Malam, ka ce musu iri mana. Ko ka ce wake."

Ya juyo yana murmushin tausayi. "Kun ji ko? Iri maganar manoma ce. Wake maganar kicin ce. A kimiyyance ƙwaya ake cewa. Malama, sakar mana labule, kina shigo da haske."

Hedimasta, da ya lallaɓo ya zauna a baya, ya tafa masa. Amma ya raɗa masa cewa Sufeto tana son ta ga aikin hannu, ko yaya ne. Danna-Nan ya yamutsa fuska, sannan ya tuna da gwangwanayena da ke jibge a bayan aji. Ya sa aka kwaso su, ya ce da yara, "Gobe kowa ya zo da ƙwaya guda daga gida, irin wadda kuka gani. Wanda bai kawo ba, ni da shi ne."

Washegari yara suka zo kowa da hannu a dunƙule. Danna-Nan ya ce su cika gwangwani da ƙasa, kowa ya yi yadda ya gani a katun. Shi kuwa ya tafi gindin bishiya yana ɗaga waya sama yana neman sabis, wai hannunsa ba na ƙasa ba ne, na madannai ne. Yara suka binne, suka zuba ruwa, suka ja da baya suna jira. Suka ƙirga goma. Suka ƙirga ashirin. Suka fito suka same shi.

"Malam, ba ta fito ba."

"Tana lodi ne, kamar yadda bidiyo yake yi a waya. Ku ba ta lokaci."

Da yamma ina hanyar gida, mai kemis na bakin titi ya tare ni. "Malama, annoba ce ta shiga makarantarku? Tun jiya yaranku ke sintiri a shagona, sai korarsu nake yi."

Na ce, "Annoba ɗaya ce, kuma kati gare ta a wuya." Na wuce abina. Fushi ya rufe min ido, ban tsaya na tambaye shi me suke nema ba. Wannan laifina ne, na amsa shi.

Litinin ta zo, gwangwanaye shiru. Talata sai ɗaya ya fasa ƙasa, ɗan tsiro kore ya lanƙwaso kai. Danna-Nan ya ɗauke shi ya zagaya da shi ajujuwa har da nawa, yana cewa ta farko ta gama lodi. Sauran arba'in ɗin ya yi ta ɗura musu ruwa har suka koma taɓo. Laraba Baba maigadi ya same shi ya jera su gaban majigi yana haska musu katun ɗin, wai su ga misali.

Na same shi na ce, "Malam, wake kwana biyar yake yi ya fito. Tona ɗaya ka ga abin da ke ciki."

"Hassada dai, Malama, hassada. Gobe za ki ga aiki."

Kuma don kada a ce wani bai gani ba, ya buga takardar gayyata da hotonsa a sama, ya aika wa iyaye da manyan unguwa. Alhamis ɗakin ya cika har taga. Ga iyaye mata a benci, ga mai kemis a gaba, ga wata tsohuwa mai sanda, kakar yaron nan da ya yi tambayar ruwa. Ni na raɓe a jikin ƙofa. Na riga na kwashe littattafaina daga kabad, don na sa a raina aji ɗaya zan koma.

Sufeto gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, sai rubutu. Ranar kuwa komai ya yi wa Danna-Nan daidai. Wuta ba ta ɗauke ba, hoto ya tsaya da ƙafarsa, muryar mage ta fita tar. Iyaye suka tafa. Hedimasta yana ta gyaɗa kai yana leƙen takardar Sufeto. Na ce a raina shi ke nan, shekara goma sha tara sun tafi a minti uku.

Sufeto ta ce, "Katun ya yi kyau. Ina aikin hannun?"

Ya ɗauko gwangwani mai tsiro da hannu biyu ya ajiye mata. "Ranki ya daɗe, ga sakamako. Sauran suna tafe."

"Na wane ne wannan?"

Wata yarinya siririya ta miƙe a layin baya, kanta a ƙasa.

"'Yata, me kika shuka?"

Yarinyar ta dubi Danna-Nan, sai ta fashe da kuka. "Don Allah ku yi haƙuri! Wake ne! Babu ƙwaya a gidanmu, duk lafiyarmu ƙalau. Na je kemis ya kore ni. Shi ne na saci wake a kicin na ɓoye a hannu, don kada Malam ya dake ni."

Sufeto ta cire tabarau a hankali, ta nuna yaron da ke kusa da ita. "Kai fa, me ka shuka?"

"Ta ciwon kai."

"Ke fa?"

"Ta tsutsar ciki."

"Ni tawa mai launi biyu ce, ja da rawaya!" in ji wani, yana alfahari.

Wani ɗan ƙarami ya ce, "Babana kullum yana cewa magani ya yi tsada. Na ce in ta haifi dubu sai mu riƙa tsinka."

Yaron ruwa ya ɗaga hannu. "Ni huɗu na sa, don ta fi yawa. Ta hawan jinin Kaka."

Tsohuwa ta miƙe da sandarta, ba ka ce tana da ciwon gwiwa ba. "Ta wa? Innalillahi! Kwana bakwai ina zargin surukata! Na ɗana wa ɓera tarko, na daina gaisawa da maƙwabciyata, ashe maganina yana nan an dasa shi kamar albasa? Ina malamin? Matso nan, ɗan nema!"

Mai kemis ya riƙe ciki yana dariya har hularsa ta faɗi. Iyaye kuwa ba dariya suke ba. Kowace uwa ta cafko nata tana duba bakinsa. Sufeto ta buga tebur.

"Akwai wanda ya haɗiya? Ku faɗa min gaskiya, ba za a dake ku ba."

A lokacin na manta da ɗaki, na manta da aji ɗaya, tsoro ne kawai ya kama ni. Yara suka girgiza kai.

Yarinyar wake ta ce, tana share hanci, "Ai Ƙwaya cewa ta yi a binne ta. Ba ta ce a sha ta ba."

Sufeto ta sauke numfashi. Ta sa biro ta tona gwangwani ɗaya, ta fito da wani farin abu da ya narke kamar kunun alli. Ta ɗaga shi a gaban hancin Danna-Nan. Zufa ta keto masa har ta jiƙa katin, amma kun san mutumin.

"Ranki ya daɗe, ai dama gwaji ne. Mun tabbatar a kimiyyance cewa magani ba ya tsirowa. Sau arba'in. Babu makarantar da ta taɓa yin haka."

"Wannan gaskiya ne, babu," in ji Sufeto. "Kwana bakwai, ba ka tona ko ɗaya ba?"

"Hannun nawa…"

"Na madannai ne!" yara suka ƙarasa masa gaba ɗaya.

Sandar tsohuwa ta sauka a kan tebur, saura kaɗan ta sami yatsunsa. Ya yi tsalle baya, kansa ya daki majigin da ke lilo a igiya, hoto ya karkace ya faɗa a kan farar rigar Hedimasta. Ƙwaya mai ido biyu ta yi ta rawa a kan tumbinsa, yara suna ihu. Hedimasta ya kare cikinsa da littafin rajista ya ce, "Ranki ya daɗe, ni dama na ce masa a bar wa Malama abinta. Ko ba haka na ce ba, Malama?"

Na ce, "Yallaɓai, zamani ne."

Sufeto ta tambayi wace ce Malamar. Baba maigadi ya nuna ni da tsintsiya. Ta ce in riƙe kimiyya da ɗakin, in riƙe majigin ma, don laifin ba na katun ba ne. A nuna wa yara minti ukun, sannan a ba su wake su jira kwana biyar ɗin. Danna-Nan kuma ta rubuta masa aji ɗaya, koyar da rubutu, da alli.

Da abin ya tsaya nan da ya ji sauƙi. Amma yara sun canza masa suna. Kafin mako ya zagayo, daga bakin makaranta har tasha, "Malam Ƙwaya" kake ji. Wanda bai san labarin ba sai ya fassara yadda ya ga dama. Matarsa ta je kasuwa ta ji ana nuna ta ana cewa ga matar ɗan ƙwayar nan. Surukinsa ya kira shi ya zaunar da shi, ya yi masa nasiha ta awa guda a kan shaye-shaye.

Ranar wata Litinin bayan an tashi, ina cika gwangwanaye da sabuwar ƙasa, ya shigo ɗakin yana raɓe-raɓe. Babu kati a wuyansa, yatsunsa duk alli.

"Malama, don girman Allah, yaran nan suna jin maganarki. Ki ce su mayar min da tsohon sunana. Wallahi na yafe, Danna-Nan ɗin ma ya ishe ni."

"Suna ai ba a roƙonsa, Malam, kai ka shuka abinka."

"To yanzu yaya zan yi?"

Na tura masa gwangwani ɗaya. Na ɗauko wake guda na ɗora a saman ƙasar.

"Mene ne wannan?"

Ya leƙa gwangwanin. "Wake."

"A kimiyyance fa?"

"Wake ne, Malama."

Ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙiyar ƙasar, yana kallon hannunsa. Na kamo ɗan yatsansa na ɗora a kan waken.

Na ce, "Danna nan kawai."